Daga Gaba zuwa Metir: Nazari kan Juya Ma'aunan Tsawo na Gargajiya

1. Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa fita karkara tattara bayanai ya san irin amsar da ake samu idan aka tambayi zurfin rijiya ko girman gona. Mai haƙa rijiya zai ce gaba goma sha biyar, manomi ya ce taki ɗari, masaƙi kuma ya ce kamu takwas. Bayan an koma gida an zauna rubuta kundi, ko fassara hirar zuwa Faransanci, sai buƙatar mayar da waɗannan kalmomi zuwa metir ta taso. A nan ne da yawa kan buɗe ƙamus, su ɗauki adadi guda, su ninka, su rubuta sakamako mai lambobi uku bayan waƙafi, sai ka ce da na'ura aka yi awon.

Abin da wannan maƙala ke son nunawa shi ne juya ma'auni aikin fassara ne tun kafin ya zama aikin lissafi. Sunan ma'auni kalma ce, kuma kamar kowace kalma ma'anarta tana sauyawa gwargwadon wuri da zamani da bakin da ta fito. Za a duba tushen kalmomin awon tsawo na Hausa, sannan a kawo misalan ruɗanin da kalma guda mai tsawo iri-iri ta haifar a tarihi, daga bisani a jero matakan da ke sa juyi ya inganta. An bi tsarin rubuta adadi na makarantun Nijar, wato waƙafi ne ke raba cikakken adadi da ɓurɓushinsa.

2. Kalmomin awon tsawo da tushensu

Mafi yawan ma'aunan tsawo na Hausa daga jikin ɗan Adam suka fito. Ɗani shi ne tazarar da ke tsakanin kan babban yatsa da kan yatsan tsakiya idan an buɗe hannu. Kamu yana farawa daga gwiwar hannu zuwa kan yatsan tsakiya, kuma da shi aka fi auna tufafi da igiya. Gaba ita ce tazarar da ke tsakanin hannu biyu idan an miƙe su dama da hagu, a bi ta ƙirji. Taki kuwa na ƙafa ne, da shi ake auna fili da gona. Can sama da su duka akwai zango, wanda ke nufin masaukin matafiya, ya kuma ɗauki ma'anar tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki.

Ta fuskar ƙirar kalma, kamu ya samo asali daga aikatau kama, taki daga taka, ɗani daga ɗana. Wato sunan aikin da jiki ke yi wajen awo shi ne ya rikiɗe ya zama sunan ma'aunin. Gaba ta bi wata hanya dabam: sunan sashen jiki ne, wato ƙirji, ya koma sunan awon da ake yi ta kansa. Wasalinta na farko gajere ne, saɓanin gabar da ke nufin ƙiyayya mai dogon wasali, ko da yake rubutun yau da kullum ba ya bambanta su. Ta fuskar ginin jumla kuma, ma'auni yana zuwa a tilo gaban adadi, a ce kamu huɗu ko gaba goma, kuma yana karɓar ninki na rabo kamar sauran abin ƙirge, a ce an yanka igiyar gaba biyu-biyu.

Hausa ba ta kaɗaita da wannan ɗabi'a ba. Larabci yana da shibr da zira'i da ba'i, waɗanda suka yi kusa da ɗani da kamu da gaba. A Faransanci coudée ta fito daga sunan gwiwar hannu, brasse daga sunan hannu, toise kuma daga kalmar Latin mai nufin abin da aka miƙe. Sai dai kusancin ma'ana bai kai daidaito ba. Shibr na Larabawa daga babban yatsa yake zuwa ƙaramin yatsa, ɗani kuwa a yatsan tsakiya yake tsayawa. Mai fassarar da ya musanya su kai tsaye ya riga ya sauya tsawon tun bai taɓa lissafi ba.

3. Dangantakar cikin gida da darajar waje

Kowane ma'aunin gargajiya yana da fuska biyu, kuma rarrabe su shi ne ginshiƙin aikin. Fuska ta farko ita ce dangantakarsa da ƴan uwansa. A jikin mafi yawan mutane ɗani biyu sun yi kusa da kamu ɗaya, kamu huɗu sun yi kusa da gaba ɗaya, gaba kuma ta yi kusa da tsayin mutumin kansa. Wannan dangantaka ba ta cika sauyawa ba, domin dogon mutum da gajere duka jikinsu yana bin kusan tsari guda. Fuska ta biyu ita ce darajarsa a metir, kuma ita ce ke yawo: kamun wani santimetir 44 ne, na wani 50.

Littattafan fiƙihu sun kai fuskar farko matuƙa wajen tsari. A cikinsu zira'i yatsu 24 ne, yatsa ƙwayar sha'ir 6 da aka jera gefe da gefe, ƙwayar sha'ir kuma faɗin gashin alfadari 6. Idan aka haura sama, mil 3 ne farsakhi, farsakhi 4 ne baridi. Wannan tsani ne mai kyau, kowane mataki an san matsayinsa a kan na ƙasa da shi. Duk da haka tsanin bai faɗi tsawon zira'i a santimetir ba, domin ƙwayar sha'ir da gashin alfadari su ma ba girmansu ɗaya ba. Ingilawa ma sun yi amfani da sha'ir, amma su ƙwaya 3 suke jerawa ta tsawo su sami inci ɗaya.

Metir an ƙirƙire shi ne domin a raba awo da jikin kowa. A 1791 masanan Faransa suka yanke cewa zai zama kashi ɗaya cikin miliyan goma na nisan da ke tsakanin ƙuryar arewa ta duniya da layin da ya raba ta biyu. Delambre da Méchain suka auna tsakanin Dankirk da Barselona daga 1792 zuwa 1798, aka ƙera sandar metir a 1799, amma bai zama tilas ga kowa a Faransa ba sai daga 1840. Tun 1983 kuwa ana bayyana shi da nisan da haske ke ci a sarari cikin kashi ɗaya bisa 299 792 458 na daƙiƙa. Yadi shi ma sai a 1959 ƙasashe masu amfani da Ingilishi suka daidaita a kan cewa metir 0,9144 ne cif. Saboda haka juyawa daga yadi zuwa metir lissafi ne tsantsa, juyawa daga kamu zuwa metir kuwa ƙiyasi ne.

4. Kalma ɗaya, tsawo iri-iri

Ko ma'aunan da hukuma ta tsayar sukan yi tarayya a suna su saɓa a tsawo. Masanin Jamus Walther Hinz, a littafinsa na 1955 kan ma'aunan ƙasashen Musulmi, ya ƙiyasta zira'in shari'a a santimetir 49,875, ya kuma ƙiyasta wanda ake kira baƙin zira'i na zamanin Abbasiyawa a santimetir 54,04. Dukansu zira'i ake ce musu. A igiya mai zira'i ɗari, saɓanin ya wuce metir 4.

Kalmar mil ta fi kowace tara ma'anoni. Asalinta Latin ce, tana nufin taku dubu na Rumawa, inda kowane taku ɗaga ƙafa biyu ne, jimilla kimanin metir 1 480. Mil na Ingila metir 1 609,344 ne, mil na teku metir 1 852, mil na Larabawa kuma, idan an ɗauke shi zira'i 4 000, ya kusa kilometir 2. A zamanin Halifa Ma'amun, wajen shekara ta 830, masana taurari na Bagadaza sun auna daraja ɗaya ta kewayen duniya, kuma adadin da Alfargani ya rubuta shi ne mil 56 da biyu bisa uku. Idan aka ninka shi sau 360 za a sami mil 20 400, wanda a mil na Larabawa ya yi kusa ƙwarai da kilometir 40 000 da aka sani a yau. Kiristofa Kolombus ya karanta wannan adadi ta hanyar littattafan Latin, amma ya ɗauke shi a gajeren mil na Rumawa, sai duniya ta tsuke masa ta koma kimanin kilometir 30 000. Wannan na cikin abin da ya sa a 1492 ya zaci gabashin Asiya yana kusa idan aka bi ta yamma. Lissafinsa bai ɓaci ba, kalmar ce ya fassara da ma'anar da ba tata ba.

Haka ƙafa. Ƙafar sarki ta tsohuwar Faransa santimetir 32,48 ce, ta Ingila kuma 30,48. An rubuta tsayin Napoliyon ƙafa 5 da inci 2 a awon Faransa, wato kimanin metir 1,68, tsayin da bai gaza na mazajen zamaninsa ba. Wanda ya karanta wannan adadi da awon Ingila zai sami metir 1,57 kawai.

Misalin da ya fi kusa da mai karatu shi ne nisan da matafiyi ke yin sallar ƙasaru. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan malamai daga Damagaram zuwa Tawa, ta ƙayyade shi baridi 4, wato mil 48. Malaman mazhabobi sun saɓa kan yawan zira'in da ke cikin mil, masu juyawa na wannan zamani kuma sun saɓa kan tsawon zira'in. Wanda ya ɗauki mil zira'i 3 500, zira'i kuma santimetir 48, zai sami kilometir 80,64. Wanda ya ɗauki zira'i 4 000 mai santimetir 46,2 zai sami kilometir 88,704. Wanda kuwa ya ga kalmar mil ya zaci na Ingila ne zai tsaya a kusan kilometir 77. Matafiyin da ke gaban tafiyar kilometir 85 ya cika nisan a lissafi na farko, bai cika shi ba a na biyu. Yanke hukunci aikin malaman fiƙihu ne. Abin da ya rataya a wuyan mai fassara shi ne ya bayyana zira'in da ya ɗauka da mil ɗin da ya ɗauka, domin mai karatu ya san inda adadin ya fito.

5. Matakan juyi

Mataki na farko shi ne tantance kalmar: wa ya faɗe ta, a ina, yaushe, kuma me aka auna da ita. Taki misali ne mai kyau, domin wani yana nufin tsawon sawu daga diddige zuwa yatsu, wani kuma yana nufin tazarar ɗaga ƙafa a tafiya. Na farko bai cika wuce santimetir 25 zuwa 30 ba, na biyu ya kai 70 zuwa 80. Idan mai ba da bayani yana nan, hanya mafi sauƙi ita ce a roƙe shi ya gwada, a auna gwajin da tsinken awo ko igiyar metir, a rubuta a littafin bincike.

Mataki na biyu shi ne a juya a cikin gida tukuna, a mayar da komai ga ma'auni ɗaya na tsarin. Igiya mai gaba 7 da kamu 2 ta zama kamu 30. Baridi 4 ya zama farsakhi 16, ya zama mil 48. A wannan mataki kuskure kaɗan ne, domin dangantakar cikin gida ake bi.

Mataki na uku shi ne tsallakawa zuwa metir, kuma sau ɗaya tak ya kamata a tsallaka, da adadi biyu: mafi ƙaranci da mafi yawa. A ɗauki rijiya mai gaba 15. Yadda ake auna ta shi ne a zura igiya mai nauyi a baki har ta taɓa ƙasa, a janyo ta ana miƙa hannu ana ƙirgawa. Gaba 15 kamu 60 ne. Idan kamu yana tsakanin santimetir 45 da 50, zurfin yana tsakanin metir 27 da metir 30. Ɗalibin da ya buɗe ƙamus ya ga an daidaita gaba da awon ma'aikatan jirgin ruwa na Ingila mai ƙafa 6, wato metir 1,8288, zai ninka ya sami metir 27,432. Adadin yana cikin iyaka, amma lambobi ukun da ke bayan waƙafi suna da'awar sanin zurfin har zuwa milimetir, alhali saɓanin da ke cikin awon ya kai metir 3.

Mataki na huɗu shi ne a dunƙule sakamako gwargwadon ingancin awon asali. Wanda ya ce gaba goma sha biyar bai yi alkawarin ɗani ba, balle yatsa, saboda haka «kimanin metir 28» ko «metir 27 zuwa 30» ya fi gaskiya. Mataki na biyar kuma shi ne a bar kalmar asali a cikin rubutu tare da juyinta, domin mai bincike na gaba ya iya sake lissafin idan ya sami bayanin da ya fi.

Akwai wurare biyu da ke buƙatar ƙarin lura. Na farko shi ne awon fili, inda ƙaramin saɓani a tsawo ke ninkuwa. Gona mai taki 100 a tsawo da taki 100 a faɗi, idan taki santimetir 70 ne, murabba'in metir 4 900 ce, idan kuma 80 ne ta zama 6 400. Saɓanin santimetir 10 a ƙafa ya haifar da murabba'in metir 1 500 a ƙasa. Tun da dokar 2 ga Maris 1993 ta aza harsashin tsarin mallakar filayen karkara a Nijar, kwamitocin filaye ke rubuta takardun shaidar gonaki, kuma duk inda aka mayar da maganar dattawa ta taki ko igiya zuwa hekta ba tare da komawa gonar an auna ba, an shuka rigimar da magada za su girba.

Na biyu shi ne zango. Wannan ma'auni na lokaci da wahala ne fiye da na nisa, kamar yadda marhala take a Larabci. Zangon ayarin raƙuma masu ɗauke da gishiri tsakanin Bilma da Agadas ba zai yi daidai da zangon fatake masu jakuna tsakanin Maraɗi da Katsina ba, domin rijiya da rairayi da nauyin kaya ne ke yanke inda za a sauka. Hanyar da ta dace ita ce a nemo sunayen masaukan a taswira a auna tsakaninsu. Ninka yawan zango da wani adadi tsayayye na kilometir ba ya haifar da abin dogaro.

6. Yadi da metir a kasuwa ɗaya

Ƙasar Hausa ta gaji tsarin awo biyu daga Turawan mulkin mallaka, kuma aron kalmomi ya nuna hakan. Ta hanyar Ingilishi aka sami yadi da inci da mil da mita, ƙafa kuma ta ɗauki sabuwar ma'ana ta inci 12 bisa fassarar kalmar Ingilishi. Ta hanyar Faransanci aka sami metir da santimetir da kilometir. Yadi ma ya faɗaɗa har ya zama sunan tufafin da ake aunawa da shi, abin da ya juya tafiyar da kama da taka suka yi: can aiki ne ya haifi ma'auni, nan ma'auni ne ya haifi sunan kaya.

Tsarin biyu suna haɗuwa kullum a kasuwar Maraɗi da ta Birnin Ƙonni. Turmin atamfa yadi 6 ne ko a ƙasar da ke amfani da metir, wato metir 5,49. Telan da ya yi lissafin ɗinki a kan metir 6 aka kawo masa yadi 6 ya rasa santimetir 51, wanda ya yi odar metir 10 aka aiko masa yadi 10 daga Kano ya rasa santimetir 86. Fulotin da ake kira hamsin da ɗari a Nijeriya ƙafa ake nufi, wato metir 15,24 da metir 30,48, kimanin murabba'in metir 465. Wanda ya saba da metir ya ji wannan adadi zai ƙiyasta murabba'in metir 5 000, fiye da ninki goma na gaskiya.

Hatta alamar rubutu tana da nata tarko. A tsarin Faransanci waƙafi yana raba cikakken adadi da ɓurɓushi, a tsarin Ingilishi kuma yana raba dubbai. Adadin 1,609 a Yamai ɗaya ne da ƴan kai, a Kano kuwa dubu ɗaya da ɗari shida da tara ne. Abin sha'awa shi ne dukansu suna iya zama tsawon mil na Ingila, na farko a kilometir, na biyu a metir. Marubucin Hausa da ke da masu karatu a ɓangarorin iyaka biyu ya kamata ya faɗi tsarin da ya bi tun a farkon rubutunsa.

7. Kammalawa

Wannan nazari ya nuna cewa ma'aunin gargajiya yana da dangantaka tsayayya da ƴan uwansa, amma darajarsa a metir tana bin jiki da wuri da zamani. Ya kuma nuna cewa zira'i da mil da ƙafa da taki kowannensu suna ne da ke rufe tsawo fiye da ɗaya, kuma akasarin manyan kurakuran juyi daga ma'anar kalma suke tasowa. Matakan da aka kawo su ne tantance kalma, juyawa a cikin gida, tsallakawa sau ɗaya da iyaka biyu, dunƙule sakamako, da barin kalmar asali a rubuce.

Akwai aiki a nan ga ɗaliban kimiyyar harshe. Masu haƙa rijiya da masaƙa da masu tufka igiya da suka iya waɗannan ma'aunai suna raguwa, igiyar metir tana maye gurbin hannu. Ɗalibin da zai je Adar ko Gobir ko Damagaram don nazarin karin harshe zai iya ƙara shafi ɗaya a takardar tambayoyinsa: sunan ma'auni kamar yadda aka furta shi da karin sautinsa, sashen jikin da yake farawa da inda yake ƙarewa, abin da ake aunawa da shi, da santimetir ɗin da aka samu a hannun mutum uku ko huɗu. Da irin wannan bayani ne mai tsara ƙamus zai iya rubuta wa kamu da gaba da taki ma'anar da mai fassara da alƙali da ma'aikacin filaye za su yi aiki da ita.